'Ya'yan Mage da Wankan Gida

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa na tare a Tumfure, a gidan da maigidana ya gina amma bai kwana a cikinsa ba. Ana saura fenti da ƙofofin ɗakuna Allah Ya karɓi abinsa. Kafin nan a Federal Low-Cost muka yi zamanmu, inda ko tari kika yi sai maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce miki sannu. A Tumfure kuwa maƙwabtana na gabas masara ce da wake, na yamma kangon bulo ne da mai shi ya kai linta ya tsaya. Sai in wuni ban buɗe baki ba in ban da karatun salla.

'Ya ɗaya Allah Ya bar mini, tana aure a Kano. Ita ce ta fari, kuma mu a gidanmu na Katsina da kunyar ɗan fari aka raine mu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba. In ta bugo waya mukan gaisa kamar malama da ɗaliba: lafiya lau, ya maigidan, a gaida mutan gida. In ta kashe sai in zauna da wayar a hannu ina jin haushin kaina da nata gaba ɗaya.

Da damina ne na fara jin kukan daga cikin kango, siriri, ba ya yankewa. Na yi kamar ban ji ba. Ni ban tashi da son mage ba. A gidanmu aikinta kama ɓera, in ta shigo ɗaki a kore ta da tsintsiya. Amma gari ya waye kukan na nan, har ya fara dishewa, sai na zura takalmi na zagaya. A bakin gona na tarar da uwar ta sandare, da kumfa a bakinta, da alama ɓeran da aka sa wa guba ta ci. 'Ya'yan suna bayan tarin bulo su biyu, ɗaya ja, ɗaya mai ruwan toka da farin ƙirji, idanunsu ko gama buɗewa ba su yi ba. Na tsaya a kansu ina faɗa, ina cewa ni me ya haɗa ni da ku, ina kuma kwance ɗankwalina ina naɗe su a ciki.

Abin da na sani game da jariri shi ne madara. Na tare Bafulatanar da ke wucewa da ƙwarya na karɓi madarar shanu, na riƙa ɗiga musu da ƙaramin cokali. Suka sha, sai ga zawo. Mai ruwan tokar ta yi laushi, ko kuka ba ta iyawa. Ba shiri na sa su a kwali na tari keke zuwa asibitin dabbobi a cikin gari.

Layin duk maza ne, wannan riƙe da rago, wancan da akuya mai ciki. Wani dattijo ya leƙa kwalina ya ce, "Hajiya, su ma na layya ne?" Aka kwashe da dariya. Na ce masa, "Naka ragon ma da wannan ramar, ban ga alamar zai kai Sallah ba." Aka sake yin dariya, wannan karon ba ni ake wa ba.

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce madarar shanu ba ta zama a cikin 'ya'yan mage. Ya ba ni wata madarar gari ta 'ya'yan mage da sirinji marar allura, ya ce kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kuma a kife za su sha, kada in kwantar da su rigingine kamar jariri, za su shaƙe. Ya ce in cika gora da ruwan ɗumi in naɗe da tsumma in ajiye musu, don sanyi ya fi yunwa saurin kashe su. Sannan bayan kowane ci in jiƙa auduga da ruwan ɗumi in riƙa shafa musu ƙarƙashin wutsiya, don ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai uwa ta lashe su. Na dawo gida ina mita. Ni da na yi shugabar makaranta, na ƙare a goge wa mage gindi.

Amma na yi. Zawon ya tsaya. Idon mai ruwan toka ya manne da kwantsa, na riƙa wanke shi da ruwan ɗumi ina sa man idon da likita ya ba ni, har wata safiya ta buɗe shi ta kalle ni sosai. Da haƙora suka fito na fara murmushe musu busasshen kifi ina tsince ƙaya, wani lokaci dafaffen ƙwai. Na zuba yashi a tsohon faranti na ajiye a lungu, ban koya musu komai ba, da kansu suka gane amfaninsa. Da lokaci ya yi na mayar da su aka ba su maganin tsutsar ciki, aka yi musu rigakafi.

Jan namiji ne, ɗan fitina. Ba a shara a gabansa, tsintsiya abokiyar gabarsa ce. In na zauna jan carbi sai ya laɓe a bayan kujera yana karkaɗa ƙugu, ya yi tsalle ya cafke tuntun. Na ƙulla masa tsumma a bakin zare na ɗaure a sanda, in ja, ya bi, har sai ni na gaji. Ita macen ba ta da hayaniya. Inda na zauna nan take zama, in na tashi daga kan sallaya ta haye wurin da na ɗumama. In na dawo daga kasuwa, tun ina kici-kicin buɗe ƙofa nake jin su a baya suna kuka.

Ban san ranar da na fara yi musu magana ba. Na dai tsinci kaina ina ba su labarin tsadar tumatir, ina yi wa jan faɗa kan labulen da ya yaga, ina kiran macen da irin sunayen da ban taɓa kiran 'yar cikina da su ba. Babu mai ji, babu wanda zan ji kunya. Ina son su, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Ana cikin haka surukar 'yata, uwar mijinta, ta bugo ta shaida mini yarinyar na da juna biyu. Na ce, "To, Allah Ya raba lafiya," kamar an gaya mini farashin gero. Da na kashe wayar na ɗauki macen na zagaya tsakar gida da ita ina rawa, ni kaɗai da tsufana. Haihuwar fari a gaban uwa ake wankanta. Ke nan 'yata za ta dawo ɗakina, ta kwana ta tashi a gabana har a yi arba'in. Tun da ta yi aure ban samu haka ba, kuma na san ba lalle in sake samu ba. Na sa aka kawo itace aka jibge, na sayi babbar tukunyar wanka, na daka yaji, na tanadi kanwa da gero.

Wata rana muna magana da 'yata ta wayar da ake ganin juna, surukar na gefenta, sai jan ya ɗare kafaɗata ya leƙa. Washegari 'yata ta kira.

"Umma, Hajiya ta ce in da mage a gidan ba za a kawo jariri ba. Wai gashin in ya shiga hancin yaro, fuka yake sa masa."

Na ce, "An yi musu allura. Likita ma ya ce in ba sa shiga ɗakin da yaro yake, ba abin da zai faru."

"Na gaya mata, Umma. Ta ce ita ba ta san wannan ba." Sai ta ƙara da cewa, "In ba za ki iya rabuwa da su ba, ba komai fa, wallahi. Sai in yi wankan a nan, Hajiya ta ce za ta kula da ni."

Da sauƙi ta faɗa, kamar duk ɗaya ne a wurinta. Wataƙila jira take in ce mata a'a, ke nake so ki zo, na ƙosa in gan ki. Maganar tana bakina. Amma ban taɓa yi mata irinta ba, ban san ta inda ake farawa ba. Uwar mace kuma ba ta ja-in-ja da dangin miji a kan jikansu.

Na ce, "Mage ce fa. Mage har wani abu ce? Ki ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta."

Akwai tsohuwar maƙwabciyata a Low-Cost, mutuniyar Kaltungo, tare muka koyar shekara da shekaru. Ita ke aiko mini da cincin da Kirsimeti, ni in aika mata nama da Sallah. Gidanta kullum cike yake da jikoki. Ita na kai wa magunan. Na tsaya a falonta ina bayani: kada a ba su madarar shanu, a tsince ƙayar kifi, macen ba ta son a ɗauke ta ta ciki, a rufe su a ɗaki tukuna har su saba.

Ta ce, "Malama, na raini 'ya'ya na raini jikoki. Mage ba za ta gagare ni ba. Zauna ki sha ruwa."

Ban zauna ba. Na ce ina sauri, alhali ba abin da ke jirana. Na dawo na share gidan lungu-lungu, na wanke labule, na shanya katifu, don kada a ga ko silin gashi. Na yi kuka ina sharar, kuma na ji haushin surukar nan har cikin raina.

'Yata ta sauka lafiya, namiji. Bayan suna aka kawo mini su. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kwanakin nan. Hayaƙi na tashi tun da safe, ina tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ina dama kunun kanwa, 'yan barka na shiga suna fita har masu keke suka san gidan. Jika ba a kunyarsa, don haka na sake da shi. Ina kiransa angona, ina yi masa tsiya cewa ya zo ba ko kuɗin cefane. Uwarsa na kwance tana kallonmu tana murmushi. Wata rana ina gasa masa cibiya ta ce, "Umma, ashe kin iya wasa." Na ce ta gyara kwanciya kada ta danne zanen yaro.

Aka yi arba'in, mijinta ya zo da mota. Aka loda kaya, na miƙa mata yaron ta taga. Ta ce, "Umma, ki je ki karɓo magunanki mana, kada ki zauna shiru." Na ce to. Na tsaya a ƙofa har motar ta hau kwalta.

Na ɗan jinkirta, don kada a ce na matsu. Sannan na ɗauki kwando mai murfi na nufi Low-Cost.

Jan ba ya nan. Ƙawata ta ce ya girma ya fara bin gari, sai ya ga dama yake leƙowa ya ci ya fita. Macen na tarar a kan kujera, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi, wata jikar gidan na ɗaura mata ɗan ƙyalle a wuya, ita kuwa ta miƙe ta ƙyale ta. Rediyo na yi, ana suya a kicin, yara na faɗa a kan cokali. Na miƙa mata hannu. Ta sansana, ta bari na shafa kanta, har ta lumshe ido. Ban sani ba ko ta gane ni, ko kowa take yi wa haka yanzu.

Ƙawata ta ce, "Ɗauki abinki, Malama. Ajiya kika ba ni."

Na ɗauke ta na nufi kwandon. Tana ganin bakinsa ta banƙare, ta yakushe ni a hannu, ta dire ta shige ƙarƙashin kujera a bayan ƙafafun yaran. Yarinyar da ke wasa da ita ta fara hawaye. Ƙawata ta tashi za ta jawo ta da sandar tsintsiya.

Na ce, "Bar ta. Ta samu gida mai mutane. Ni ma da za a tambaye ni, nan zan zaɓa."

Na faɗa da sigar wasa, amma ƙawata ba ta yi dariya ba. Ta kawo auduga ta goge mini jinin, ta ce in tsaya a ci abinci. Na tsaya na ci, na daɗe ina ci.

A bakin titi mai keke ya tambaye ni, "Mama, shata ne, ko in ɗauki wasu a hanya?" Da can shata nake yi, ba na son matsi. Ranar na ce ya ɗauki duk wanda ya gani. Ya ɗauki wata mata da buhun barkono da wani ma'aikaci da ke ta faɗa a waya, muka matsu, kwandon na kan cinyata. Matar ta yi mini hirar ciwon ƙafarta, na saurara kamar 'yar'uwata ce. Tun kafin mu fita daga cikin gari duk suka sauka, sauran hanyar Tumfure ni kaɗai ce a baya.