Dattijo Mai Guntulen Yatsa

Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, yayana ya buge wani saurayi Bafulatani da motar hayarsa a hanyar dawowa Gumel. Ƙafa ce ta karye. Kafin la'asar 'yan sanda suka tarar da yayana a ɗakin innarmu, suka tafi da shi. Tuhumar da ta fi nauyi ita ce wai ya buge mutum ya tsere.

Shi kuwa rantsuwa yake yi ya tsaya. Ya ce har ya tallafe kan yaron, sai wani dattijo mai malafa, da ke tsaye gefe yana kallon shanu, ya matso ya ce masa ya ja motarsa ya tafi, ga samari can tafe da sanduna, su da ke wurin za su kai yaron asibiti. Lauyan da muka ɗauka ya saurara yana kaɗa ƙafa. Ya ce in an samo dattijon akwai magana, in ba a samo shi ba, yayana sai gidan yari. Na tambayi yayana kamanninsa. Ya ce mai wucewa ne kawai, ko kallon yaron bai yi ba, amma yatsansa ɗaya na hannun dama guntule ne.

Ni tela ne, amma daga ranar keken ɗinkina ya huta. In na zauna sai in ji kamar a kan garwashi nake. Na hau acaɓa na bi kara, kasuwar shanu, a Maigatari, na ci kasuwar Sule Tankarkar, na sauka Gagarawa Tasha, ina miƙa wa kowane tsoho hannu don in ƙare wa yatsunsa kallo. Wani mai fura ya ce ko zobe na ɓatar ne. Ban yi dariya ba. Wasu suka ce ai masu shanu sun tsallaka Nijar, sai damina. Na ji haushin yayana, na ji haushin lauya, har innarmu da ke cewa in zauna in ci abinci sai da na ɗaga wa murya.

Tsakanin yawon nan ina leƙawa asibiti in duba saurayin. Uwarsa da kawunsa ne ke jinya. A waje, gindin darbejiya, akwai wani tsoho da kullum nake wucewa, bai taɓa shiga ɗakin ba, ni kuma ban taɓa tsayawa ba. Ana jibi za a shiga kotu na fito a gajiye, na yi masa sallama. Ya ɗaga hannun dama ya amsa. Sai ga yatsa ɗaya guntule.

Kawun ne ya faɗa min cewa tsohon mahaifin yaron ne. Ɗan farinsa ne, kuma a wajensu uba ba ya nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ya kira. Shi ya sa yayana ya ɗauka ɗan kallo ne. Na durƙusa gabansa, cikin kunya na fara magana. Ta yaya zan roƙi uba ya ceci wanda ya karya masa ɗa? Bai bari na ƙarasa ba, ya ce zai zo.

A kotu ya faɗi yadda aka yi, a taƙaice. Da alƙali ya tambaye shi mene ne tsakaninsa da wanda aka buge, sai ya sunkuyar da kai.

"Na gidanmu ne," in ji shi.

Kawun ne ya bayyana sauran. Yayana ya kifa kai yana kuka kamar yaro. Aka soke tuhumar tserewa, aka ci shi tarar rashin kai rahoto.

A bakin ƙofa tsohon ya ja ni gefe, inda ba mai jin mu. Yana ta juya sandarsa.

"Ɗana, kai da kake shiga ciki," ya ce a hankali, "ƙafar nan za ta taku kuwa?"