Malam Habu, wanda ya kai ni wajen mai kalangu

Da safen nan, ko koko ban ƙarasa sha ba, aka bugo min waya daga Gwarzo: Malam Habu ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu kofin na nan inda na ajiye shi.

Yawancinku ba ku san shi ba. Shi ya koya mana Turanci a elimantare, zamanin Turawa, lokacin yana saurayi ko aure bai yi ba.

Ni ɗan Masanawa ne ta Kabo. Shekarar da za mu tsaya gaban Bature ya yi mana tambayoyi baki da baki don shiga makarantar Midil a Kano, Baba ya ce sau ɗaya zan gwada. In na faɗi, ga fartanya can tana jirana.

Kalmomi kam na haddace su tsaf. Matsalata murya. A gidanmu in za ka yi wa babba magana, sai ka sunkuyar da kai, ka yi ƙasa da murya. Haka na kwaso na kai cikin Turanci.

Malam ya ce, "Isa, kai a ganinka ladabi kake yi. Shi kuwa Bature in ya ji ƙarshen maganarka ya faɗo ƙasa haka, ɗauka zai yi umarni kake ba shi. In izini kake nema, ɗaga ƙarshen."

Wallahi na kasa. Ji nake kamar rashin kunya zan yi.

Ranar kasuwar Getso sai ya goya ni a kekensa, ya kai ni rumfar mahauta inda mai kalangu ke kiɗa. Ya ce, "Saurara. In ya matse, sauti ya hau. In ya saki, ya sauka. Ka ji ya yi wa wani rashin kunya?"

Muka yi ta bin kalangun da Turanci, Malam yana ɗaga min yatsa yana saukewa. Mutane sai kallo, malamin makaranta guda tsaye cikin mahauta. Har gidansu aka kai tsegumi. Bai fasa ba, kasuwa uku muka yi.

Na ci jarrabawar. Duk abin da na zama, daga rumfar nan ya faro.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce na je gaishe shi, yana kwance ba lafiya. Magana ta ɗauke masa, sai ido. Na zauna na yi ta ba shi labari. Da zan tashi, don in sa shi murmushi, na nemi izinin tafiya da Turanci, kamar muna aji. Ashe kuka ya taso min, muryar ta faɗo ƙasa.

Sai na ga yatsansa ya motsa a kan bargo. A hankali ya ɗaga shi sama.

Na sake faɗa, na ɗaga ƙarshen. Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai, ya sallame ni.

Ban san sallamar ƙarshe ke nan ba. Zuciyata ta karye, jama'a.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa. Duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.