Shafin da Na Ɓoye wa Dokta

A shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ni budurwa ce 'yar shekara ashirin da ɗaya, ban daɗe da gama koyon buga takardu ba. Ina aiki a ɗan shagon kawuna a Tudun Wada, inda muke da kwamfuta ɗaya tal da wani janareto mai taurin kai. Hannuna yana da sauri, mutane suna yabona, ni kuma yabon ya shiga kaina har ya zama ba abin da nake tsoro kamar a ce na yi kuskure. Tun ina ƙarama haka nake, in na fasa kwano sai in tura shi ƙarƙashin gado in yi shiru. Wannan hali ne ya jefa ni cikin abin da zan faɗa muku. Na daɗe ina riƙe da shi a cikina, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Cikin masu kawo mana aiki akwai wani dattijo da muke kira Dokta. Ba likitan asibiti ba ne, malamin jami'a ne mai binciken magunguna. Kirista ne daga kudancin jiharmu, iyalinsa suna Unguwar Boro, shi kuma sai ƙarshen mako yake dawowa gida. Aikinsa shi ne tatso wani sinadari daga sassaƙen wata bishiya ta ƙauyensu, ya gwada shi a kan ƙwayoyin ciwon daji da kuma a jikin ɓeraye. Ya taɓa gaya mini cewa kansar mama ce ta kashe mahaifiyarsa, tun daga nan bai iya tunanin wani aiki ba. Rubutun hannunsa ƙanana ne a cukurkuɗe, ni kaɗai nake iya karanta shi, don haka ya raɗa mini suna Sakatariya. Duk sanda ya je ƙauye sai ya zo wa mahaifiyata da ɗanyar citta a leda, ya ce in gaida Hajiya.

Wata rana na yi masa ƙorafi a kan dogon jerin sunayen da ke ƙarshen kowace maƙala tasa, na ce sun fi komai cin rai wajen bugawa. Ya yi dariya, ya jawo benci ya zauna. Ya ce kowane suna a jerin nan mutum ne da ya ƙarar da shekarunsa a ɗakin gwaji, shi kuma ya taka aikinsa ya hau. Ya ce ba a auna mai bincike da yawan maƙalunsa kawai, ana duba mutum nawa ne suka dogara da abin da ya rubuta har suka ambace shi a nasu jerin. Mako na gaba ya zo da wani gwangwanin biskit, a ciki akwai katunan gidan waya daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, masu bincike ne ke roƙon ya aika musu kwafin aikinsa. Ba su da yawa, amma yana riƙe su kamar hotunan 'ya'yansa. Ya ce a shekarun soja wasiƙunsa da yawa ba a amsa su ba, yanzu kuwa ƙofofi sun fara buɗewa, kuma maƙalar da zai kawo mini nan gaba ita ce aikinsa na shekara shida. Da ita yake sa ran zama farfesa.

Ranar wata Asabar ya kawo ta. Da la'asar ina cikin bugawa aka ɗauke wuta, na miƙe da sauri zan fita wajen janareto, gefen mayafina ya kwaso kofin zoɓon da na ajiye a kan tebur. Ya zube a shafi na bakwai, inda jadawalin awon maganin yake. Dokta da alƙalamin tawada yake rubutu, kafin in goge, layi biyu na lambobi sun narke. Na tsaya ina kallon takardar. Unguwar Boro ba nisa ba ce, bas ɗaya zan hau. Amma na tuna yadda yake gaya wa kawuna cewa bai taɓa samun kuskure ko ɗaya a aikina ba, sai na ji ba zan iya tsayawa a gabansa ba. Na ɗaga takardar a hasken rana, na dubi lambobin sama da na ƙasa, na ƙiyasta abin da ya kamata ya zo a tsakani, na buga. Shafin kuma na yayyaga shi na zuba a kwata. Da ya zo karɓa, ya karanta bayanin kalma-kalma yana kusanto da takardar fuskarsa, domin a lokacin yanar ido ta fara rage masa gani. Da ya iso jadawalin sai ya wuce, ya ce lambobi kam ya bar wa Sakatariya. Tsofaffin shafukansa ya cusa a jaka bai ƙirga ba.

Wata babbar mujallar kimiyya ta ƙasar waje ta karɓi maƙalar. Ranar da kwafinsa ya iso, daga tasha shagonmu ya fara biyowa, ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mini wurin godiya, ga sunana a rubuce. Ya gayyace mu gidansa ni da kawuna, matarsa da muke kira Mama ta dafa mana shinkafa, ta aika aka sayo kaza wajen mahauci Musulmi don kada mu ji wani ɗar. Daga nan katuna suka riƙa zuwa har gwangwanin ya cika. Yakan zo ya gaya mini cewa wasu sun sake ambaton aikinmu, haka yake cewa, aikinmu. Nakan yi murmushi, in ce wa kaina wataƙila ƙiyasin nawa ya yi daidai.

Bai yi daidai ba. Bayan kusan shekara biyu wata ɗaliba daga ƙasar waje ta rubuto masa. Ta gina bincikenta na digirin digirgir a kan awon da ke cikin jadawalin, ɓerayenta suna ta mutuwa, ta sake gwaji ta sake, shekara guda ta tafi a banza. Dokta ya koma littafinsa na ɗakin gwaji, ya ga lambobin ba su ne ba. Ba wanda ya tilasta shi, shi da kansa ya yanke shawarar rubuta wa mujallar a buga gyara. Kuma wajena ya kawo wasiƙar. Ya zauna a bencin nan ina bugawa. A ciki ya rubuta cewa kuskuren ya faru wajen shirya jadawali, kuma alhakin nasa ne shi kaɗai. Da na iso wannan layi yatsuna suka tsaya. Ya tambaye ni ko akwai kalmar da ban gane ba. Na ce babu. Ya ɗan jira, sannan ya ce to in ci gaba. Daga baya na ji daga bakin kawuna cewa an dakatar da maganar ƙarin girmansa, wasu abokan aikinsa ma suna raɗe-raɗin cewa ƙirƙirar sakamako yake yi. Bai daina kawo mana aiki ba, bai daina kawo citta ba. Ni ce na fara neman dalilin barin shago duk Asabar.

Na yi aure, muka tare wajen Rido kusa da wurin aikin maigidana, na haifi 'ya'ya uku. Na ji labarin ya zama farfesa daga baya, gab da ritaya. Abin da ya mayar da ni gare shi rashin lafiyar yayata ne. Ciwon daji ya kama ta, ni ke jinyarta. Wata safiya na ga ma'aikaciyar jinya ta auna maganin da za a ɗura mata, ta duba takarda, ta kira abokiyar aikinta ta sake dubawa, sannan ta rataya shi. Na kalli ruwan yana ɗiga cikin jijiyar yayata, na gane cewa awon nan ya fito ne daga wani jadawali da wani ya rubuta, wani kuma ya buga. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun ranar zoɓo.

Bayan an sallame ta na hau bas zuwa Unguwar Boro. Mama ce ta buɗe ƙofa, ta rungume ni tana faɗa cewa na yar da su. Na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an yi masa aikin ido, yana karatu ba wahala. Na durƙusa na faɗa masa komai, daga mayafin har kwatar. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in tashi in zauna a kujera. Ya ce ya sani tun ranar da ya zaro tsofaffin shafukan ya ga babu na bakwai, kuma da gangan ya kawo mini wasiƙar nan, yana fatan in yi magana. Ya ce ya yi fushi sosai, Mama ce ta hana shi zuwa shago a makon farko. Amma da ya huce ya ga shi ne ya sa hannu a kan jadawalin da bai duba ba, don haka abin da ya rubuta wa mujallar gaskiya ne. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji shi, da na zo ranar, minti goma ya ishe shi ya kwafo mini lambobin daga littafinsa. Na tambaye shi ɗalibar fa. Ya ce ta sake gwajin da awon gaskiya ta gama karatunta, har yanzu sukan yi wasiƙa, amma shekarar nan tata ba wanda zai mayar mata. Na ce, Baba, ka yafe mini. Ya ce ya daɗe da yafewa, laifin da bai yafe ba shi ne zuwa da na yi ban kawo masa jikokinsa ba.

Kafin in tafi ya tambaye ni ko hannun yana nan da saurinsa. Yana son a buga masa jerin duk maƙalun da ya wallafa, ya bar wa 'ya'yansa. A cikin jerin na ga ya sa gyaran nan da lambarsa kamar sauran. Na ce ko a cire shi. Ya ce a'a, cikin duk abin da ya rubuta shi ne ya fi wahalar rubutawa, yana so su gani. Asabar uku na yi ina zuwa da yarana, ina karanta kowane layi da ƙarfi yana bi da yatsa, Mama na cika su da gyaɗa. Ya rasu shekarun baya, na je na zauna da Mama har aka watse.

Abin da na koya shi ne, zubar da zoɓo ba laifi ba ne, kowa na iya yi. Laifina shirun da na yi ne, kuma ba ni na ɗauki nauyinsa ba, wani dattijo mai ƙaunata da wata yarinya da ban taɓa gani ba su suka ɗauka. Ina kira ga masu buga takardu, da akawu, da ma'aikatan asibiti, da duk wanda lambobin wani ke bi ta hannunsa: in abu ya goge, kada ku ƙiyasta. Ku tashi ku je ku ce ya goge. Kunyar da na guje wa ta minti goma ce, wadda na zauna da ita kuwa ta kai ni har na yi furfura.