Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Babban ɗana yana gyaran waya a wani shago a unguwar Barbès ta Paris lokacin da aka gano wayoyin sata a cikin kayan shagon. Mai shagon ya ɓace. Yaron ya ji labarin 'yan sanda na nemansa, ya kira ni ina Rillieux, wani gari mai nisa da Paris, inda muke zaune da mahaifinsa, wanda ciwon ƙoda ya kwantar.

Wani Alhaji ɗan Najeriya mai sayar da atamfa a Château Rouge, can Paris, wanda bai taɓa jin tambayar da ba shi da amsarta ba, ya ce a nemo masa beli tun kafin a kama shi. Aboka, wato lauyan da muka ɗauka, ya ce babu wannan a ƙasar nan. Sai yaro ya kai kansa wurin 'yan sanda, sannan alƙali ya duba ko za a sake shi ya jira shari'a a gida. Abin da ake dubawa shi ne ko yana da mazauni da iyalin da za su tsaya masa. Na ce ai wannan da sauƙi.

Ya kai kansa. Kafin a shiga kotu, wata ma'aikaciya ta buga waya gidanmu don ta tabbatar. Ina wajen aikin shara, maigidana Malam ne ya ɗauka.

Malam mutumin karkarar Damagaram ne. Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yabonsa a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, kunyarsa yake ji, kamar yadda mahaifinsa ya ji tasa. Amma idan yaron zai zo hutu, shi ke jan jiki ya sauka sayen nama. Matar ta ambaci suna, ta ce ɗanka ne? Malam ya ce, "Yaron gidan nan ne." Ta ce mutumin kirki ne? Ya ce, "Ba ni zan faɗa ba, ki tambayi mutane." Ta yi godiya ta kashe.

Na hau jirgin ƙasa na tafi Paris. Dattawanmu na can sun zo kotu cikin manyan riguna, har da Alhajin atamfa, turarensa ya cika layin kujeru. "Hajiya, kwantar da hankalinki," ya ce. "Da alƙali ya ga irin mutanen da suka zo, magana ta ƙare." Ba wanda ya tambaye su ko ƙarfe nawa.

Alƙaliyar mace ce, mai karatu da sauri kamar jirgi zai bar ta. Aboka ya fassara mini a kunne: uban bai tabbatar ɗansa ne ba, ya kuma ƙi ba da shaida a kan halinsa. Na miƙe na ce, "Madame, a wurinmu haka uba yake yi." Aka ce in zauna. Aboka ya yi bayanin al'adar cikin jimla biyu, yana murmushin neman afuwa, kamar mun zubar da miya a kan teburin mutane. Mutanen da suka yi shekaru suna karatun halin ɗan Adam, amma ba su iya gane uban da ke son ɗansa ba sai ya yi shela. Ta ce babu tabbacin ba zai gudu ba. A tsare shi har ranar shari'a.

A waje Alhaji ya ce laifin aboka ne, da tun farko an bi shawararsa. Ya duba agogo ya tafi buɗe shago.

Abin da nake roƙo ɗaya ne, yaron ya zo ya riƙe hannun ubansa. Ban faɗa wa Malam abin da aka karanta a kotu ba, na ce an ɗaga zama. Ya rasu kafin ranar shari'ar. Maƙwabcinmu ɗan Cadi ne ya yi masa wanka.

Da ranar ta zo, kotu ta ce babu hujjar cewa yaron ya san wayoyin na sata ne. Aka sake shi, aka ba shi igiyar takalminsa a cikin leda, aka sa ya sa hannu cewa ya karɓi kayansa cikakku.