Kwanukan Inna da Rezon Malbaza

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, cikin ranin da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ana jajibirin sunan ƙanwata, amma har lokacin ba wanda ya san sunan da za a raɗa mata. Baba yana Abijan cin rani, ya kuma aiko cewa shi zai faɗi suna da bakinsa ta waya. Salula ɗaya ce a ƙauyenmu na kusa da Dogarawa, ta Kawu Isa direba, ita ma ba ta kama rezo, wato layin kira, sai an je bakin garin Malbaza. Ga motar Kawu ta lalace. Inna tana ɗaki da jego, ta kasa cin ko tuwo.

Ni da ƴan'uwana mata aka sa mu wanke kwanukan jeren Inna, waɗanda ba a saukewa sai biki. Muka goge su da toka har suna ɗaukar ido, muka jingina su a jikin danga su sha rana, manya a ƙasa, ƙanana a bisa, bakinsu na duban Malbaza, yadda muka saba ganinsu a ɗaki. Kawu ya tsuguna gabansu zai ɗauki buta, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zabura har hularsa ta faɗi! Kafin ya danna, Goggo Ai, ƙanwar Baba, ta kwashe manyan za ta kai wa masu dakan fura, kira ya yanke.

Nan fa gida ya rikice. Kawu ya ce lalle kwanukan ne suka jawo rezo, ya sa wayar cikin kwano guda, shiru. Muka tara su tuli ɗaya, shiru. Goggo tana ta cewa, "Kai Isa, aljanun motarka ne suka biyo ka gida." Ni dai na lura jerin ne ya ɓaci, don ni na jera da hannuna. Muka bi maƙwabta muka amso kwanukan, wani har da sauran gari a ciki, muka mayar da kowane mazauninsa. Wurin da danga ta karkace, mu yara muka riƙe da hannu, rana na gasa mu, muna ƙunshe dariya saboda Kawu ya ce ko numfashi kada mu yi. Can sandar rezo ɗaya ta fito a fuskar wayar, sannan ta biyu, sai ga kira ya sake shigowa.

Aka fito da Inna lulluɓe da zane, ta durƙusa gaban kwanukanta. Muryar Baba ta zo siririya kamar daga cikin rijiya: "A sa mata Mariyama." Guɗa ta tashi, kowa ya saki abin da ke hannunsa, kwanuka suka zube, waya ta mutu. Inna ta ce, "Ya isa. A zubo mini tuwon nan."

Har yau ban san yadda kwano ke tare magana a iska ba. Yanzu ina Ƙonni da ɗana, rezo har cikin madafa, maigidana yana can Abijan inda Baba ya zauna. In yaron ya yi zafin jiki sai in ta kiran ubansa, in ta duba waya, ni kaɗai a ɗaki. A da, gida guda ne ke jiran kira ɗaya.