Wutar da Aka Hura da Littattafan Yaya Afaf

A gidanmu ni ne mai faɗa. Yayata Afaf kuwa, duk unguwar Muharram Bek babu wanda zai ce ya taɓa jin muryarta daga waje, sai bayan abin da 'yan fim suka yi mata.

Aikinta sayar da tikiti ne a wata silima kusa da tashar Ramla, a nan Iskandariyya. Tun tana budurwa take zaune a bayan wannan 'yar tagar, har silimar ta mutu aka mayar da ita kasuwar takalma. Mijinta ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, ya rasu da wuri, Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma ba ta sake aure ba. Abin da ya cika mata ɗaki littafi ne, kuma labari guda ɗaya tak.

Tana 'yar makaranta zazzaɓi ya kwantar da ita, mahaifinmu ya biya ta titin Nabi Daniyal inda ake baza tsofaffin littattafai, ya sayo mata wani ɗan ƙarami mai shiga aljihu don ya ɗebe mata kewa. Bai duba ba, ashe labarin tsoro ne. Wani Bature ya rubuta shi tun kafin a haifi kakanmu, labarin wani tsohon gida a bakin tafki a ƙasar sanyi, inda duk shekara ake wayar gari a ga sawun jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan matakalar bene, kuma kowace shekara sawun yakan ƙara hawa mataki ɗaya zuwa ɗakin magajin gidan. Mahaifiyarmu ta yi ta faɗa, wai an kawo wa marar lafiya abin da zai ƙarasa ta. Afaf kuwa ta karance shi, ta koma farko.

Da ta girma ta ci karo da shi a wani bugun, da wani suna daban, kuma mai fassarar ya yanke kusan rabinsa. Abin ya ba ta haushi, ta saya don ta gwada su. Daga nan aka fara. Akwai bugun Alƙahira iri-iri, akwai na Bairut mai takarda fara tas, da na Bagadaza, da na Tunis. Akwai na Girkanci da matar wani mai kanti ta bar mata lokacin da za su koma ƙasarsu, ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa a ciki, amma ta san inda kowane babi ya fara. Ta tara kaset na wasan rediyo da aka yi da labarin, da shafukan wata jarida da ta taɓa buga shi kashi-kashi. Sannan ga babban hoton tallan fim ɗinsa, zanen hannu, wanda ta naɗe ta ɗauko a kafaɗa ranar da aka rufe silimarsu, leburori na yi mata dariya.

Danshin garin nan ba ya barin takarda lafiya. Don haka da sanyi ya wuce sai ta fito da su daga kabad mai gilashi, ta jera a baranda su sha iska, ta zuba kanumfari a kowane lungu saboda ƙwari. Ni kaina, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya, sai na wanke hannu take miƙo min.

Ƙofar da ke kallon tata ta Ummu Wa'il ce, ƙawarta tun suna amare. Wa'il ɗin a hannun Yaya ya tashi, ita ta riƙa shigar da shi silima ba tikiti. Yanzu ga shi magidanci har da furfura a gemu, yana aiki da wani kamfanin fim, shi ke shirya ɗakunan da ake ɗaukar hoto a ciki. Wata Juma'a ina gidan ya shigo da ledar lemo, yana ta washe baki.

"Anti Afaf, albishirinki. Labarin nan naki za mu mayar shirin talabijin mai dogon zango, na azumin bana. Amma a gidan wani basha, babban attajirin zamanin da, za a yi, a nan garin."

Ta ajiye kofin shayinta. "Da sawun da komai?"

"Da komai! Abin da ya rage mana ɗakin karatu. Darakta ya ce ba ya son littattafan bogi. Na ce masa ai ni ina da uwa wadda duk Masar babu mai irin nata."

Na ce, "Kai Wa'il, kayan nan ba na aro ba ne."

"Haba Kawu Ramzi, a kan kantar littattafai kawai za a jera su. Wallahi ko ƙuda ba zai sauka a kai ba. Ni zan kai, ni zan dawo da su."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta yi haske irin na ranar ba. Da hannunta ta naɗe kowanne a rigar matashi, ta jera a kwali. Na mahaifinmu ne kawai ta ware gefe. Wa'il ya hango shi, ya ce ai wannan ne ya dace jarumar ta riƙe a hannu, duk ƙasa a gan shi. Ta ɗauko shi, ta sumbaci bangon ta miƙa masa.

Aka kwana biyu ba labari. Ta kira Wa'il, ya ce komai lafiya. Ta sake kira, bai ɗauka ba. Ita ko a jikinta, cewa ta yi yaron aiki ne ya yi masa yawa. Wata safiya ta gasa basbusa, kek ɗinmu mai zaƙi, faranti guda, ta ce in raka ta ta kai wa ma'aikatan, ta kuma ga yadda kayanta suka zauna a kan kantar littattafan. Muka tafi tsohon gidan da suka kama a unguwar Kafar Abdu, ni ɗauke da faranti, ita sanye da rigarta ta zuwa biki.

Muna shiga farfajiya muka ga abin da ake yi. Wasu 'yan mata biyu na tsugune gaban baho cike da baƙin shayi, suna tsoma littafi a ciki suna shanyawa a kan ciyawa. Yaya ta tsaya cak. Bugun Bairut ne, wanda ta yi shekaru tana kare shi daga danshi.

"Me kuke yi haka, 'yan nan?"

Ɗaya ta ɗago tana taunar cingam. "Tsufa muke sa musu, Hajiya. Darakta ya ce sun yi tsabta da yawa, kyamara ba ta so."

Muka shiga ciki. Hoton tallan nan na rataye a bango, an datse shi sama da ƙasa don ya shiga wani firam mai ruwan zinare, an yanke sunan mai zanen gaba ɗaya. Kantar littattafai rabinta wayam. A gefe ga murhun bango irin na Turawa, toka ta cika shi har ta zubo ƙasa. Yaya ta durƙusa da rigarta ta biki, ta sa hannu tana tonawa. Ta ciro guntun bango mai rubutun Girkanci. Ta ciro wani ɗan ɓallin takarda da bai kai tafin hannu ba, mai zanen matakala. Na gane shi kafin ta juyo. Na mahaifinmu ne.

Sai ga Wa'il ya fito, yana ganinmu ya daskare.

"Anti, wallahi ba na nan aka yi. Rubutun ne aka canja, aka ce jarumar za ta ƙone ɗakin karatun. Na ce a kawo na bogi, lokaci ya ƙure..."

Darakta, wani Ustaz Midhat mai gyale a wuya duk da zafin da ake yi, ya taho yana tambayar wa ya bar baƙi suka shigo. Da aka gaya masa, sai ya buɗe hannuwa kamar ya ga 'yar uwarsa.

"Ke ce mai littattafan? Hajiya, ki yi alfahari! Tsohuwar takarda tana da wata irin wuta, sabuwa ba ta yin ta. Sai da muka yi ta maimaitawa kafin mu sami yadda muke so. Kar ki damu, za a sayo miki sababbi fil, masu bango mai ƙyalli."

A nan ne na ji muryar da ban san yayata na da ita ba.

"Sababbi? A wace kasuwa ake sayar da wanda ubana ya kawo min ina kwance? Kai ɗan wa ye da za ka sa hannu a kayan da ba ka tambayi mai su ba? Ka taɓa karanta labarin ma kuwa? Babu wuta a cikinsa, jahili! Ruwa ne! Daga farko har ƙarshe ruwa ne!"

Har mai riƙe da fitilar ɗaukar hoto sai da ya sauke ta. Ustaz Midhat ya gyara gyalensa, ya ce da wani ƙato, "A raka Hajiya, ranta ya ɓaci." Na ce duk wanda ya taɓa ta sai ya kwana a asibiti. Muka kwashe abin da ya rage, jiƙaƙƙu da busassu, kwali ɗaya bai ma cika ba. Da na waiwaya neman farantinmu, na tarar ma'aikatan sun cinye basbusar tas muna cikin rigima.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Jami'in da na samu ya saurare ni yana danne dariya, ya ce, "To Alhaji, littattafan fatalwa ne dai, ko? Wataƙila ma alheri aka yi mata, ta samu ta yi barci." Ummu Wa'il kuma ta ƙwanƙwasa ƙofa da yamma, ba don ban haƙuri ba. Cewa ta yi, "Afaf, takarda ce fa. A kan takarda za ki sa a kori yaro daga aiki?" Yaya ta dube ta, ta mayar da ƙofa a hankali ta rufe. Zumuncin da ya girmi Wa'il ɗin kansa, a nan ya tsaya.

Azumi ya zo, aka saka shirin. Na ce ba za mu kalla ba, ta ce sai ta gani. Wutar da aka ƙone mata rabin rayuwa dominta, kafin ka kurɓi shayi ka ajiye kofi an wuce ta, aka sako tallan man girki. A jerin godiya na ƙarshe har mai kawo musu sanwici an ambata, ita babu.

Bayan Sallah aka gayyaci Ustaz Midhat wani shirin safe da masu kallo ke bugo waya. Mai gabatarwa ta yaba ɗakin karatun, shi kuma ya dafa ƙirji ya ce littattafan na kakansa ne, ya sadaukar da su saboda sana'a. Na miƙe ina neman abin da zan jefi talabijin da shi. Yaya ta ce in zauna, ta jawo waya. Ta yi ta bugawa har aka ɗauka, aka sa ta a layi, sai ga muryarta tana fitowa daga akwatin.

"Sunana Afaf Abdulmalak, daga Muharram Bek. Littattafan nan nawa ne, aro aka..."

Ƙit, aka katse. Mai gabatarwa ta yi murmushi ta ce layi ya samu matsala, a gaida mutanen Iskandariyya. Yaya ba ta ajiye wayar ba. Tana zaune ƙyam, ta ci gaba da magana cikin layin da ba kowa, tana faɗin kowane bugu da garin da aka buga shi da wanda ta saya a hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ƙarshe. Sannan ta ajiye, ta ce in miƙo mata maganinta na hawan jini.