Ranar da Metir Alhasan ya sallami Agali

Har yau ban manta da ranar da Agali ya shigo wurin atisaye ba takalmi a ƙafarsa. A zamanin mulkin soja ne, shekarar da damina ta ƙi, kuma ni ne mataimakin mai horar da ƙungiyar ƙwallo ta garinmu Tahoua.

Maigidana Metir Alhasan ne, Metir kamar yadda muke kiran malamin makaranta. A takarda malamin motsa jiki ne, amma ƙwallo ce aikinsa. Ya karɓi ƙungiyar ba wanda ya san da ita, ya kai ta inda rediyo ke kiran sunansa. In ya shiga kasuwa, mahauta har tsire suke miƙo masa. Ku matasa ku sani, a lokacin wani hafsan soja ne ke kula da wasanni a ofishin gwamnan jiha. Shi ke ba da mota da abinci, shi ke naɗa mai horarwa, shi ke sauke shi.

Muna shirin tafiya Yamai don wasan da ba mu taɓa kai irinsa ba. Agali, Buzu ne daga wajen Takanamat, shi ke ci mana ƙwallaye. Ya durƙusa ya ce, "Metir, an aiko daga gida. Rijiyarmu ta ƙafe, shanu na faɗuwa. Baba ba ya iya tafiya mai nisa, ba wanda zai kora sauran zuwa kudu sai ni."

Metir ya ce, "Tashi ka tafi. Ka gaida tsoho."

Da labari ya kai ofis aka kira mu. Hafsan bai ba mu wurin zama ba. Ya ce, "Wa ya ba ka izini? Yanzu zan tura mota a dawo da shi."

Metir ya ce, "Ranka ya daɗe, mota za ta iya kawo ƙafafunsa, amma hankalinsa na wurin shanun. Ni na sallame shi. In da laifi, nawa ne."

"To, in aka ci ku, ka san sauran."

Aka ci mu. Da muka dawo, mutanen da suka raka mu da ganguna su ne suka tare mu da ihu. Ba a jima ba aka mayar da Metir wata makaranta a Kalfu, aka ba ni kujerarsa. Agali ya tsira da kaɗan daga cikin shanun, bai kuma sake buga ƙwallo ba.

Na je Kalfu na tarar da Metir a ƙarƙashin bishiyar bedi, ya rame. Na tambaye shi ko yana nadama. Ya ce, "Ina kewar fili ƙwarai, Isufu. Amma wasan nan ko da Agali ana iya cin mu. Shanun kuwa, in ba shi, babu su."

Na yi shekaru a kujerar nan, na ci, an ci ni, an yi mini waƙa, an kuma zage ni. Abin da na koya shi ne, sunan mai horarwa na 'yan kallo ne, suna ba ka aro, su karɓe ran da suka ga dama. Abin da ke naka shi ne amsar da ka ba ɗan wasa lokacin da ya durƙusa a gabanka.